Ranar da Aka Sauke Maigidana a Kasuwar Makarfi

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Fuskokin mutanen da muka zauna da su sun fara ɓace mini, wani lokaci ma sai in kira jikata da sunan uwarta. Amma ranar da aka sauke maigidana a kasuwar Makarfi ba da sanina ba, wannan kam ba zan manta da ita ba har a rufe ni da ƙasa. Ni ban iya rubutu ba, jikar tawa ce take rubutawa ina faɗa. Na ce mata in ta ji na yi shiru ta jira ni, don har yau ba na iya ba da labarin nan ban yi kuka ba.

A Malikanchi muke zaune a lokacin, ba a daɗe da cewa Turawa sun miƙa mulki ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, manomin rake ne, dogo, ƙaƙƙarfa, mai yawan barkwanci. Shi kaɗai yakan ɗaga damin raken da mutum biyu ke kokawa da shi. Wata safiya a ƙarshen damina ya tafi fadama lafiya lau, kafin azahar aka dawo da shi a hannu. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannu da ƙafa, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi. Hankalinsa yana nan sarai, yana jin duk abin da ake faɗa, amma in ya buɗe baki sai wani irin gurnani ya fito. A duk garin ni kaɗai nake gane maganarsa, ni ɗin ma sai na kai kunnena kusa, na kuma dubi idonsa.

Mun yi na gida iya yinmu. An sha rubutu, an yi jiƙe-jiƙe, wanzami ya yi ƙaho, babu wani sauƙi. Sai ƙanensa ya ce a kai shi asibiti Zariya. Shi ƙanen ya riga mu tafiya don ya nema mana masauki wajen dangi, aka yi da shi zai tarye mu a tasha. Aka zaɓi ranar kasuwar Makarfi, domin ran nan ne ake samun motar da ke tashi daga Ikara ta bi ta Makarfi ta wuce Zariya.

Mota ba ta shiga garinmu a zamanin, sai an kai shi Ikara. Maƙwabta suka ciro ƙyauren ɗaki za su kwantar da shi a kai su ɗauka a kafaɗa. Yana ganin ƙyauren sai ya hau dukan ƙasa da hannunsa na hagu, idonsa ya yi ja. Na sunkuya na saurara, na ɗago na ce musu, "Ya ce bai mutu ba tukuna." Da gaskiyarsa, abin ya yi kama da makara. Sai aka kawo jaki, aka cusa ciyawa a mangala ta kowane gefe, aka ɗora shi, mutum biyu suna tallafe da shi. Ni ina biye a baya da goyon 'yata, ƙwaryar fura a ka, ƙullin kayanmu a hannu. Rigarsa mai kyau tana cikin ƙullin, na ce sai mun isa Zariya zan sa masa. Tsohuwar rigar gona ce a jikinsa, ga rama, ga suma ta taru don ya daɗe bai yi aski ba. Ban kawo komai a raina game da wannan ba.

A tashar Ikara muka tarar da motar, irin mai bodin katako. Bayan direba akwai bencuna inda mata ke zama a ƙarƙashin tamfol, can baya kuma an tula buhunan gyaɗa har sama, maza suna zaune a kai. Wani dattijo cikin maƙwabtanmu ya je wajen ɗan kamasho zai biya mana. Ɗan kamashon ya karɓi nawa, ya ce, "Mace ɗaya, Zariya." Da dattijon ya miƙa na maigidan sai ya ture hannunsa.

"Haba Baba, ka taɓa ganin an karɓi kuɗin motar nakasasshe? Wannan ai sadakar mota ce. Albarkacinsa ma za su isa lafiya."

Muka yi ta godiya. Haka al'adar direbobi take a lokacin, gurgu ko makaho ko kuturu ba ya biya, kuma abin kirki ne. Na ji daɗi har cikin raina, na ce ashe akwai sauran masu tausayi a duniya.

Mutum huɗu suka ɗaga shi suka kwantar a kan buhunan, don a benci ba zai iya zama ba. Na kama ƙarfe zan hau in zauna kusa da shi, ɗan kamashon ya daka mini tsawa, "Ke da goyo za ki hau cikin maza? Shiga wajen mata, babu abin da zai same shi." Na shiga. Maƙwabta suka yi mana addu'a suka juya da jakinsu, ɗan kamashon ma a Ikara muka bar shi. Ka ga ke nan duk wanda ya san ni da shi tare muke ya tsaya a baya.

An cusa mu a bencin nan kamar goro a huhu, ko ƙafa ba ka iya motsawa. Kusa da ni wata tsohuwa ce 'yar Taba, ta je wankan jegon 'yarta tana komawa gida. Mace ce mai surutu, tun daga Ikara take ba ni labarin surukinta. Ni kuwa hankalina yana sama. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ji kamar jikina ne ya bugu.

Da muka isa Makarfi mota ta tsaya a bakin kasuwa. Hayaniya ta kaure, ana sauke buhuna ana ɗora wasu, masu talla suna miƙo kaya ta tsakanin katako, 'yata ta farka tana tsala kuka. A cikin wannan hargowa na ji wani abu kamar muryarsa. Na ɗaga murya na ce a duba mini mara lafiyan da ke sama, amma muryata ba ta wuce tamfol ba. Na yunƙura zan fita, ga mata da kaya sun toshe hanya, kafin in kai ko'ina mota ta ja. Na gaya wa kaina ƙishi yake ji, da an tsaya zan ba shi fura.

Mun hau babban titin Zariya mun yi tafiya mai ɗan nisa, sai injin ya ɗau zafi, direba ya tsaya a bakin wani rafi a zuba masa ruwa. Na kutsa na fito da ƙwaryata. Na ɗaga kai ina duban saman buhunan, ban hango komai ba sai ƙafafun maza. Karen motar, wani magidanci mai furfura a gemu, yana dawowa daga rafi da garwa a hannu. Na ce, "Malam, don Allah miƙa wa mara lafiyan nan na sama fura."

Ya ce, "Wane mara lafiya?"

"Wanda aka kwantar a kan buhuna a Ikara."

"Au, gurgun nan? Ai tuni. Mun sauke shi a Makarfi. Har gindin tsamiya muka kai shi wajen 'yan'uwansa, ni da hannuna na jingina shi. Yau kasuwa ta cika, zai sami alheri."

Yana faɗa yana murmushi, irin na wanda ya yi aikin lada. Ban san lokacin da ƙwaryar ta suɓuce daga hannuna ba. Na ce, "Maigidana ne. Asibiti za mu. Ba ya magana."

Ya dire garwar a ƙasa. Direba ya zagayo yana salati, ya ce, "Wa ya ce ka sauke shi?"

"Wa kuma zai ce? Ba a biya masa ba, ba a ce mini ga inda za shi ba. Nakasasshe ya hau mota sadaka ranar kasuwa, ina za shi in ba bara ba? Kullum haka muke yi."

A nan na gane abin da ya faru. Wanda ya biya kuɗi shi ake tambaya inda zai sauka. Wanda aka ɗauka kyauta ba mai tambayarsa, an riga an yanke masa inda za shi.

Tsohuwar nan 'yar Taba ta leƙo ta tsakanin katako ta hau su da faɗa. "Kai da gemunka! Ko buhun gyaɗa ai sai ka tambayi mai shi kafin ka sauke. Mutum ɗan'uwanka ka jibge a gindin bishiya ka ce ka yi sadaka?" Na durƙusa a gaban direba ina roƙonsa ya juya. Ya dubi motarsa, ya dubi fasinjoji da suka fara gunaguni, ya ce man da ke ciki ba zai kai shi baya ya sake dawowa ba. Ya tsaya a tsakiyar titi ko wata mota za ta ɓullo mai zuwa Makarfi, babu ko ɗaya. A zamanin sai ka daɗe a titi ba ka ga mota ba. Ya yi mini alkawarin zai nemi ƙanen maigidan a tashar Zariya ya gaya masa.

Na gyara goyo zan kama hanya, tsohuwar ta kira ni. Fuskarta ta canza, babu sauran surutu. Ta ce, "'Yar nan, saurara. In kin isa kada ki ɓata lokaci wajen 'yan kasuwa, sarkin guragu za ki nema, duk nakasasshen da ya shiga kasuwa da saninsa. Kuma ki yi sauri. In kasuwa ta watse ba a barin su a nan, kwashe su ake yi a motoci, kowa a mai da shi garinsu. Shi da ba ya magana, Allah kaɗai ya san inda za a kai shi."

Maganar nan ita ta kore ni a kan titin nan kamar ana bina da bulala. Rana tana tsakiyar ka, ƙasa ta yi zafi, ba ni da takalmi. Ina tafiya ina haɗawa da gudu, 'yata tana kuka a baya, ban tsaya ba ta nono ba sai da muryarta ta dishe, shi ma a tafe na juyo da ita gaba. Ba zafin ƙafa ne ya dame ni ba. Tunani ne. Mutumin da ko ƙuda ba ya iya korewa a ɓarinsa na dama. In ya zame daga jikin bishiyar wa zai tashe shi? In fitsari ya kama shi wa zai gaya wa? Mutumin da bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba, wanda in an yi baƙo shi ke sara masa rake ya ƙi karɓar ko anini, yau ga shi a layin bara, yana ji yana gani, ba ya iya cewa a'a.

Can na fara gamuwa da masu dawowa daga kasuwa. Farko Fulani mata da ƙorai babu nono, suka ba ni ruwa na sha a tsaye. Sai masu kekuna, sai masu jakuna. Duk wanda na gani sai in ƙara sauri, don na san kasuwa ta fara watsewa ke nan. Ina tambayarsu ko sun ga wani mara lafiya a gindin tsamiya, su ce gindin tsamiya ai cike yake da su, wanne daga ciki?

Abin da ya fi tsinka mini zuciya shi ne wata mota da ta taho daga wajen Makarfi, an yi mata lodi har sama, mutane a kai. Na tsaya a gefen hanya ina ɗaga hannu ina ihu, ta wuce ni fuu. Na bi ta da gudu kaɗan, na tsaya. Idan yana cikinta fa? Idan yanzun nan ya wuce ni, ni ina gudu gabas shi ana kai shi yamma? Na tsaya a tsakiyar hanya na rasa inda zan fuskanta. Wallahi har yau ban manta tsayuwar nan ba. Daga ƙarshe na ce, ya Allah, kai ka san inda yake, na ci gaba da tafiya Makarfi.

Bayan la'asar na shiga kasuwar. Rumfuna da yawa an kwashe, sai ɓawon rake ko'ina. Na tambayi tsamiya aka nuna mini. Na isa na duba fuska ɗaya bayan ɗaya, ba ya nan. Hularsa kawai na gani a ƙasa, an tattake ta. Wata makauniya tana naɗe tabarmarta ta ji kukana, ta ce, "Wa ke nan?" Na gaya mata. Ta ce, "Allah sarki, baƙon nan da ba ya magana? Kusa da ni aka ajiye shi. Yini ya yi yana kuka kamar sa. In an jefa masa sadaka sai in ji ya share ta da hannu ta watse. Mun ce ko taɓin hankali ne. Ɗazun nan aka ɗauke shi." Sai ta ɗaga murya, "A kira Sarki! Ga mai baƙon nan ta zo!"

Sarkin guragu a kan jaki ya zo. Ƙafafunsa 'yan sirara ne a naɗe a gefen jakin, amma ƙirjinsa faffaɗa ne, ga rawani, ga bulala a hannu, muryarsa kamar ganga. Na zube na ce, "Ranka ya daɗe," ban ko iya ƙarasa gaisuwa ba. Ya ce, "Bar gaisuwa, baiwar Allah. Naki ne?" Na ce nawa ne, na gaya masa yadda aka yi a taƙaice. Ya dafe rawaninsa da hannu biyu.

"Kaico! Tun safe yake nuna hanyar yamma da hannu. Na ce Kudan? Ya yi gurnani. Zariya? Gurnani. Kano? Gurnani. Na ga rana za ta faɗi, na ce wa 'yan dako su sa shi a motar da ta nufi can, ko Allah zai sa wani ya gane shi. Ashe ke yake nunawa."

Na ce, "Wace mota?"

Ya ce, "Ban sani ba. Biyo ni."

Ya zaburi jakin, ina binsa a guje har tashar da ke bakin kasuwa. Motoci ne a jere, duk sun fuskanci hanya ɗaya, an yi musu lodin rake da buhuna har sun fi soro tsawo. Wasu ana wana su da ƙarfe ta gaba, wasu sun riga sun kama suna ruri. 'Yan dakon da suka ɗauke shi sun watse. Sarki yana tambayar 'yan kamasho, wannan ya ce a tambayi wancan, wancan ya ce shi bai ga kowa ba. Daga ƙasa ba a ganin wanda ke kwance a sama. Na bi motocin ɗaya bayan ɗaya ina kira, "Maigida! Maigida!"

Wani daga saman kaya ya amsa, "Na'am, uwargida, an gama tuwon ne?" Aka bushe da dariya. Wani ya ce, "Wanne daga ciki? Mu nan duk masu gida ne!"

Sarki ya kaɗa bulalarsa a iska ta yi ƙara, ya ce, "Ɗan banza, uwarka ce ta gama tuwon!" Sannan ya juyo gare ni. "Sun yi rashin kunya amma sun faɗi gaskiya. Kira sunansa."

Na tsaya cak. Yaran yanzu ba za su gane wannan ba. Tunda aka kai ni gidansa bakina bai taɓa furta sunansa ba, ko a gabansa ko a bayansa, ko ni kaɗai a ɗaki. Ɗan maƙwabtanmu da aka sa wa sunan, ni mai sunan maigida nake ce masa har ya girma. Haka uwata ta yi, haka kakata ta yi. Macen da ta kama sunan mijinta, ba ita kaɗai ake zagi ba, har gidan da ta fito. Ga shi ana cewa in faɗe shi da ƙarfi a tsakiyar tasha, a gaban maza baƙi.

Sarki ya ga halin da nake ciki, ya sunkuyo daga kan jakin ya ce, "To gaya mini a hankali, ni in kira." Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Na fara kewaye-kewaye, ina cewa sunan wane ne na garinmu, irin wanda ake sa wa yaro in an haife shi kaza. Ya katse ni.

"Baiwar Allah, ba lokacin wasa ƙwaƙwalwa ba ne! Ko na gane na kira, masu irin sunan da yawa za su amsa, shi kuwa ba zai san da shi ake ba. Muryarki ya sani. Dubi can, waccan ta ɗaga!"

Na duba. Motar da ke kan gaba, mai lodin rake, ta fara gangarawa titi. Ta biyu ma ta motsa.

Na rufe idona na kira shi. Na farko a maƙogwaro ya tsaya. Na biyu na tattara duk abin da ya rage a ƙirjina na kwarara shi, har 'yata ta firgita a bayana. Sunan da uwarsa ta raɗa masa, shi na kira, a gaban duniya. Kada ki dube ni, ba zan faɗa miki ki rubuta ba, wannan ɗin ma ya isa.

Masu dariya suka yi tsit. Sai na ji bugu. Ƙum, ƙum, ƙum, a jikin katako, daga motar nan ta gaba da ta riga ta hau hanya. Wani zai ce rake ne ke bugun bodi, amma ni na san hannun. Na nuna ta ina ihu.

Ban taɓa ganin jaki ya yi irin gudun nan ba. Sarki ya yanke ta cikin rumfuna, rawaninsa ya warware yana jan ƙasa, ya ɓullo a gaban motar ya tsayar da jakin a tsakiyar hanya. Direba ya taka burki har raken ya zamo gaba. Ya leƙo yana zage-zage, "Sarki, ka gaji da duniya ne?"

"In ka isa ka taka! Akwai mutumin mutane a motarka. Ina za ka?"

"Kano."

Da na ji kalmar nan sai na zauna a ƙasa. Kano, garin da ko mai baki yake ɓata a cikinsa.

A tsakanin damin rake da katakon mota aka same shi, ya zame ya maƙale, fuskarsa a ƙasa. Aka sauko da shi aka kwantar a gefen hanya. Ganyen rake ya yayyanke masa fuska, leɓɓansa sun tsage don ƙishi, bayan hannunsa na hagu yana jini saboda dukan katako. Rigarsa ta ɓaci, na yi maza na cire mayafina na rufe shi kafin mutane su lura. Na tallafo kansa ina kuka. Ya daɗe yana dubana, hawaye yana bin gefen idonsa, sai na ga ɓarin bakinsa mai lafiya yana motsi. Na kai kunnena. Da ƙyar ya haɗa kalmomin, ya ce, "Ashe kin san sunan."

A cikin wannan hali, barkwancinsa bai bar shi ba. Dariya da kuka suka haɗe mini har na shaƙe. Sarki ya ce, "Me ya ce?" Na ce, "Ruwa yake so."

Aka kawo ruwa, aka kawo kunu, makauniyar nan ma ta lalubo ta zo da hularsa. Da ya ɗan dawo hayyacinsa Sarki ya matso da jakinsa, ya sunkuya har rawaninsa yana taɓa ƙasa, ya ce, "Malam, ka yafe mini. Ina za ka?" Na ce Zariya za mu. Ya ɗaga mini hannu. "Ba ke nake tambaya ba, shi nake tambaya. Yau an ɗauke shi an ajiye ba a tambaye shi ba, har da ni. Malam, in Zariya za ka, bugi ƙasa." Maigidan ya ɗaga hannun nan mai jini ya bugi ƙasa.

Sarki da kansa ya nemo motar Zariya, ya sa aka sauko da mutum biyu daga gidan gaba, aka zaunar da mu kusa da direba, ni ina tallafe da shi. Mace a gidan gaba ba a saba gani ba a lokacin, amma ba wanda ya hana. Wannan direban ma ya ce ba zai karɓi kuɗin nakasasshe ba. Sarki ya ce, "Karɓa ko kada ka karɓa, wannan tsakaninka da Allah. Amma maimaita mini, su nawa ne, kuma ina za ka sauke su?" Sai da direba ya faɗa da bakinsa, karen motarsa ma ya faɗa, sannan ya janye jakinsa daga hanya.

Ana kiran magariba muka shiga Zariya. Ƙanensa yana tasha kamar zai haukace, don direban farko ya cika alkawari ya gaya masa. Mun daɗe a asibiti. An sami sauƙi, ba duka ba. Ya dawo yana takawa da sanda yana jan ƙafa, magana ta ɗan sake har yara suna gane shi. Bai ƙara noma ba, kuma bai ƙara yarda an bi da shi ta kasuwar Makarfi ba. Ya yi shekaru a haka muna tare, sannan wata damina Allah ya karɓi abinsa. Ni ce nan har yau, na tsufa na bar shi da ƙuruciyarsa. Sarkin guragun nan kuwa ban ƙara ganinsa ba. Da muka dawo na aika masa da mazarƙwaila, aka ce ya rasu. Ban sami yi masa godiya yadda ya kamata ba, sai dai addu'a, kullum ina haɗa su biyun.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Duk waɗanda suka ɗauki maigidana a ranar, babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Wanda ya ƙi karɓar kuɗi, da wanda ya kai shi gindin tsamiya, da waɗanda suka ɗora shi a motar rake, kowa lada yake nema, kuma da ladan nasu suka kusa raba ni da shi har abada. Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa duk wanda zai ji. Mutumin da ƙafarsa ta mutu ko bakinsa ya mutu, yana da inda za shi, yana da masu jiransa. In za ka taimake shi a hanya, kada ka fara da ɗaukarsa. Durƙusa tukuna ka tambaye shi ina za shi, kuma wa ke tare da shi, sannan ka jira amsar, komai daɗewar da za ta yi kafin ta fito.